Taƙaitawa: horar da sabbin masu rubuta manhaja ta bidiyo daga gida

Ga abin da na tattaro daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan kayan aiki da dabarun da suka fi dacewa da irin wannan horo.

1. Kusan kowa ya yarda sauti ya fi hoto muhimmanci. A fara sayen makirufo irin Samson Q2U, mai shiga USB, a ajiye shi santimita 5 zuwa 10 daga baki. Irin wannan ba ya kwaso ƙarar fanka da janareto sosai.

2. A sa abin sauraro a kunne. In ba haka ba, muryar ɗalibi za ta fito ta lasifika ta sake komawa makirufo, sai amsa-kuwwa.

3. Haske ya bugi fuska, kada taga ta kasance a baya.

4. Ɗalibi ne zai riƙa rubuta manhajar a kwamfuta, malami ya yi ta tambaya. An ba da shawarar Live Share na VS Code (VS Code manhaja ce da ake rubuta manhajoji a cikinta, Live Share kuma yana ba malami da ɗalibi damar aiki a kan rubutu ɗaya daga nesa), a ƙara girman rubutu zuwa 18.

An rabu a kan kyamara: wasu sun ce Logitech C920, wasu sun ce ta waya ta wadatar. Ni ina tare da na biyun.

Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, don haka wasu sun koma Google Meet.