Koyon aikin rainon yara a Ingila: mataki na 2 ko na 3, kuma me ake yi a zahiri?

Yayar Wata ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata mai shekara 19 ta samu gurbi a gidajen rainon yara guda biyu a Ingila, irin koyon aikin da ake biyan mutum albashi yana karatu. Ɗaya mataki na 2 ne, ɗayan mataki na 3. Ba ta taɓa aiki da yara a hukumance ba. Wanne ya fi dacewa da ita? Nawa ake biya? Kuma me ya kamata ta tambaye su kafin ta sa hannu? Duk wanda ya san harkar ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Anti Mai Raino ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Mataki na 2 yakan ɗauki wajen shekara guda, na 3 wajen wata 18. Bambancin ba a tsawon lokaci kawai yake ba. Mai takardar mataki na 3 ita ake iya damƙa wa ɗaki, domin dokar renon yara ta Ingila, wadda ake kira EYFS, ta ce kowane ɗaki sai da aƙalla mutum ɗaya mai wannan matakin. Mai mataki na 2 mataimakiya ce. Idan Turancinta na rubutu yana da kyau, kuma tana da sakamakon Turanci na GCSE, wato jarrabawar sakandare ta Ingila, ko makamancinsa, ni dai na 3 zan ce ta ɗauka. Ku lura da wannan: ko ta gama na 3, ba za a lissafa ta a matsayin mai mataki na 3 ba sai tana da takardar Turanci ta mataki na 2, wato GCSE ko makamancinsa. Sharaɗin takardar darasin lissafi an cire shi tun Janairun 2024, amma na Turanci yana nan.

Batun kuɗi, kada ta sa rai da yawa a shekarar farko. Mafi ƙarancin albashin ɗan koyo a Afrilun 2025 ya kasance fam 7.55 a awa, kuma ana sabunta adadin duk watan Afrilu. Tunda ta kai 19, da zarar ta cika shekara ɗaya da farawa dole a mayar da ita albashin masu shekarunta, wanda ya kasance fam 10 ga 'yan shekara 18 zuwa 20 a Afrilun 2025. Wasu wuraren sukan yi kamar sun manta da ranar, to ta rubuta ta ajiye. Kuɗin karatun ba daga aljihunta zai fito ba, kuma sa'o'in karatu cikin lokacin aiki suke, ana biyan su.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: yaushe za ku fara saka ni a lissafin manya? Ga dalili. Doka ta ƙayyade babba ɗaya ga jarirai 3 'yan ƙasa da shekara biyu, ɗaya ga yara 5 'yan shekara biyu (da 4 ne, aka ƙara a Satumban 2023), ɗaya ga 8 daga shekara uku zuwa sama, ko 13 idan akwai ƙwararriyar malama a ɗakin. An yarda a lissafa 'yar koyo a mataki ɗaya ƙasa da wanda take karanta, idan shugabar wurin ta gamsu da ita. Wurin da ke fama da ƙarancin ma'aikata zai saka ta a lissafi tun makon farko, daga nan kuma ba ta da damar fita daga ɗaki ta yi karatu, domin tana fita lissafin ya karye. Haka ake shafe wata shida ana canza kunzugu, kundin karatu, inda take tara shaidar aikinta, babu komai a ciki. Ta tambaya wace rana ce ranar karatunta, a rubuce. Daga 2022 zuwa 2025 abin da aka saba shi ne kimanin awa 6 a mako ga mai cikakken aiki. Ta tambaya wa zai zama jagoranta a ɗakin, sau nawa malamin cibiyar horo ke zuwa, da kuma ko za a zagaya da ita ɗakin jarirai da na manyan yara. Rahoton Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da gidajen raino, na kowane wuri yana intanet kyauta, ta karanta na biyun.

Binciken DBS, wato binciken tarihin laifukan mutum, kuma wajibi ne. Kafin sakamakonsa ya fito ba a barin ta ita kaɗai da yaro ko na minti ɗaya.

Uwar Ɗakin Jarirai ta amsa:

Anti ta gama da batun takardu. Bari in faɗi abin da hannunta zai riƙa yi, domin a nan ake gane wadda za ta daɗe.

Haɗa madara. Garin madarar gwangwani ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ruwan dole ya kai zafin digiri 70. A tafasa sabon ruwa lita ɗaya, a bar shi ya huce amma kada ya wuce minti 30. Ruwa ake fara zubawa a fida har layin da ake so, sannan gari. Idan aka fara da gari, ruwan zai gaza ma'auni, madarar ta yi kauri, jariri ya samu taurin bayan gida ko ƙarancin ruwa a jiki. Cokalin cikin gwangwanin ake amfani da shi, a shafe bakinsa daidai, ba a danna garin. A sanyaya fidar a ƙarƙashin famfo, a ɗiga a cikin wuyan hannu a ji. Ba a ɗumama madara a na'urar ɗumama abinci, domin wani wajen yakan yi zafi ya ƙona baki alhali jikin fidar da ɗumi kawai. Wadda aka haɗa ta kai awa 2 a ɗaki, zubarwa ake yi. Sannan a karanta sunan da ke jikin fida kowane lokaci, musamman nonon uwa da aka tatso. Ba wa jariri nonon wata uwar kuskure ne da ba ya ɓoyuwa.

Canza kunzugu. Kayan duka su kasance kusa da hannu kafin a kwantar da yaro: safar hannu, rigar leda, sabon famfas, abin gogewa, ledar zubarwa. Mafi yawan faɗuwa daga teburi na faruwa ne lokacin da aka juya ɗauko abu ɗaya da aka manta. Hannu ɗaya yana kan yaro har a gama. Gogewa daga gaba zuwa baya, musamman ga mata. Man shafawa sai wanda iyaye suka amince da shi. A goge katifar da maganin kashe ƙwayoyi, a wanke hannu ko da an sa safa, a rubuta lokaci da abin da aka gani.

Barci. Jariri a rigingine, ƙafafunsa a ƙarshen gado don kada ya nutse cikin bargo, bargon kada ya wuce kafaɗa, babu filo, babu 'yar tsana. Zafin ɗaki tsakanin digiri 16 da 20. Wurare da yawa kowane minti 10 ake dubawa, kuma dubawar ba leƙe daga bakin ƙofa ba ce. A matsa kusa a ga ƙirji na ɗagawa, a taɓa ƙirji ko bayan wuya a ji zafin jiki. Hannun jariri kullum da sanyi yake, ba a auna komai da shi.

Cin abinci shi ne lokacin da ya fi haɗari a yini. Yaron da ke tari yana kakari, iska na shiga, a bar shi ya fitar. Wanda abu ya toshe wa maƙogwaro gaba ɗaya shiru yake yi, shi ya sa ake zama ana fuskantar yara, ba a tsaya a bayansu ana goge teburi ba. Inabi da ƙananan tumatur a yanka su a tsaye gida huɗu. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 5 ƙwayar gyaɗa gudanta, ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma. Takardar yaran da jikinsu ba ya karɓar wani abinci a duba ta kowane ci, ko an haddace, domin tana canzawa. Ta nemi a tura ta kwas ɗin taimakon gaggawa na yara da wuri. Cikakkensa awa 12 ne, ana sabuntawa duk shekara 3, kuma tun Satumban 2025 'yar koyo sai tana da shi kafin a lissafa ta a matakin da Anti ta ambata.

Malam Mai Duba Kundi ya amsa:

Ni kam ban yarda da Anti ɗari bisa ɗari ba. Wadda ba ta taɓa riƙe ɗaki da yara ba, idan ta faɗa mataki na 3 a wurin da babu jagora nagari, wahala za ta sha, domin tun da wuri za a ba ta yaran da za ta zama mai kula da su ta musamman, ta riƙa magana da iyayensu, ta rubuta bayanin ci gabansu. Mataki na 2 a wuri mai tsari ya fi na 3 a wurin da ake canza ma'aikata kowane wata. A zaɓi wurin tukuna, matakin ya biyo baya.

Inda 'yan koyo suka fi faɗuwa shi ne rubutu. A ƙarshen karatu wani baƙo ne zai zo ya tantance ta, ya zauna da ita su tattauna kan kundin aikinta, wani lokaci har ya tsaya ya kalle ta tana aiki. Kundin ba a haɗa shi a wata na ƙarshe. Misali, rubuta "ya ji daɗin wasa da ruwa" bai nuna komai ba. Abin da ake so shi ne: ya juye ruwa daga babban kofi zuwa ƙarami, ya malala, ya ce "ya cika", ya sake gwadawa da rabi. Daga wannan ake gane me yaron ya fahimta, da abin da za a ajiye masa gobe. Fannonin koyo 7 ne, amma ga ƙanana uku ne ginshiƙi: magana da fahimtar harshe, motsin jiki, da mu'amala da sarrafa zuciya. Su ake rubutawa a bayanin da ake ba iyaye tsakanin shekara biyu da uku.

Sai kare yara daga cutarwa. Ranar farko ta san sunan jami'ar da ke kula da wannan a wurin. Idan yaro ya faɗa mata wani abu mai tayar da hankali, kada ta yi masa alkawarin rufa asiri, kada ta yi masa tambayar da ke saka amsa a baki, irin "baba ne ya dake ka?". Ta saurara, ta rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ta kai wa jami'ar nan take. Tabon duka a jikin jaririn da bai fara rarrafe ba, komai ƙanƙantarsa, kai rahoto ake yi. Ba aikinta ba ne ta binciki iyaye. Wayarta kuma tana cikin akwatin ajiya, hoton yaro ɗaya a wayar kanta ya isa a sallame ta.

Yayar Wata ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Anti da Malam, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya ya rage. Idan yaro ya ji ciwo a hannunta, ko wani ya ciji wani, ita za a ɗora wa laifi?

Uwar Ɗakin Jarirai ta amsa:

A'a, faɗuwa da cizo kullum ana yi a ɗakin 'yan shekara biyu. Abin da ke jawo matsala shi ne ɓoyewa ko jinkiri. Ta kira babbar ɗakin, a yi wa yaron abin da ya dace, a cike takardar haɗari a lokacin: ƙarfe nawa, a ina, wane ɓangaren jiki, me aka yi, wa ya gani. Iyaye su sa hannu a ranar. Buguwar kai akan kira su tun kafin lokacin tashi. A batun cizo takarda biyu ake cikewa, kuma ba a faɗa wa iyayen wanda aka ciza sunan wanda ya yi cizon, ko sun matsa. Magani ma haka, ba ta ba yaro komai sai da izinin iyaye a rubuce, kuma yawancin wurare ba sa barin 'yar koyo ta bayar ita kaɗai. Ita kanta ta shirya wa mura da ciwon ciki a watannin farko. Idan amai ko gudawa ya kama ta, sai ta cika awa 48 da tsayawarsa kafin ta koma aiki, kamar yadda ake yi wa yaran.