Don Allah ku taimaka, cakulet ɗina ya dunƙule

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Hutu ya matso kuma za mu yi baƙi, shi ne na ce bari in gwada alawar nan ta cakulet da markaɗaɗɗiyar gyaɗa wadda ba a gasawa, a mulmula kawai a tsoma a cakulet a sa a firij. Jiya na gwada wallahi takaici kamar in yi kuka. Gyaɗar ta ƙi mulmuluwa sai manne min take a tafin hannu, shi kuma cakulet ina narka shi a kan ruwan zafi yana ta sheƙi gwanin sha'awa, ina juyawa kawai ya dunƙule ya yi tsaki-tsaki, cokali ma da ƙyar yake motsi. Me na yi ba daidai ba?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ruwa ne ya shiga, ko rantsuwa na yi ba kaffara. Ko ɗigo biyu ne, ko jiƙaƙƙen cokali, ko tururin da ya taru a murfi ya ɗiga. Cakulet ba ruwa a cikinsa, mai ne da koko da suga, to da ruwa kaɗan ya taɓa sugan sai ya kama juna ya yi gudaji. Ki goge kwano da cokali su bushe ƙayau, gindin kwanon kar ya taɓa ruwan, wuta ƙasa-ƙasa, kuma kar ki rufe. Baƙin cakulet kar zafinsa ya wuce digiri 50, mai madara 45, ya fi saurin ƙonewa.

Mai tambaya: Innalillahi, ai kuwa na rufe shi da murfi wai don ya yi saurin narkewa. To na jiyan zubarwa zan yi Anti?

Amsa ta 1: A'a haba. Ki zuba madara mai zafi cokali-cokali kina juyawa zai saki ya yi santsi, sai dai ba zai ƙara daskarewa da ƙarfi ba, ki barbaza shi a kan kek ko ki yi wa yara shayin cakulet da shi.

Amsa ta 2: Ni kan gyaɗar zan yi magana. In irin wadda mai yake tasowa a samanta ce dole ta yi ruwa, ki juya ta sosai tukuna. Ni dai kofi 1 na gyaɗa nake sa wa kwatan kofi na bota da garin suga mai laushi kusan kofi 2, in zaƙin ya miki yawa ki rage sugan ki cike da dakakken biskit ko madarar gari, ni ma na fi son na biskit ɗin don akwai ɗan ƙaras-ƙaras. Ɗan gishiri kar ki manta, shi yake fito da ɗanɗanon. Kina gama mulmulawa ki jera a kan takardar gashi ki sa a firiza minti 30, in suka yi sanyi ba sa wargajewa a cikin cakulet kuma nan da nan yake kama jikinsu. Da tsinken sakace nake tsomawa.

Amsa ta 3: Ƙaramin cokali 1 na man kwakwa a kofi 1 na cakulet, zai yi ruwa-ruwa ya fi daɗin tsomawa. In kika ga fari-fari a jikinsu bayan kwana biyu kar ki tsorata ba lalacewa ba ce, zufar firij ce ta narkar da suga ya bushe a sama. Ki adana a roba mai murfi, suna yin sati guda lafiya lau.

Amsa ta 4: Tunda baƙi za ki ba, ki faɗa musu akwai gyaɗa a ciki, cakulet ya rufe ba a gani. Wasu jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan, har numfashi take toshe musu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na sake yi yanzu, guda 24 suna firiza, murfin nan kuwa na kai shi can nesa da murhu.