Allon katafila yana ɗaukewa, lambar SPN 639 FMI 9 tana fitowa

Yaron_Gareji:
Assalamu alaikum iyayen gidana. Akwai katafila mai haƙa, 'yar tan 20, mai batir biyu (24V). Da safe takan tashi lafiya, amma in ta yi kamar awa ɗaya tana aiki sai allon gaban direba ya daina nuna zafin inji da gudunsa, ƙarfin haidurolik ya ragu, lambar SPN 639 FMI 9 ta fito. In an kashe ta an sake tayarwa sai ta daidaita na ɗan lokaci. Abin ya ƙaru tun da damina ta sauka. An canza fiyus, an wanke soket ɗin birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji), ba ta daina ba. Mai ita yana so a sayo sabon birenbos. Me ya kamata a duba kafin a kashe wannan kuɗin?

Oga_Rewaya:
Wa alaikumus salam. Kada a sayi komai tukuna. SPN 639 na nufin layin sadarwa na J1939, wato wayoyin da kwamfutocin motar ke magana da juna a kansu, FMI 9 kuma na nufin saƙon da wata kwamfuta ke jira bai iso a kan lokaci ba. Lambar ba ta ce birenbos ya mutu ba, cewa ta yi magana ta yanke tsakaninsa da sauran.

Kwamfutar inji da ta famfo da allon direba duk a kan wayoyi biyu suke magana, CAN H da CAN L, a murɗe da juna. Yawanci H rawaya ce, L koriya. A kowane ƙarshen layin akwai rezista (ɗan abin da ke rage gudun wutar lantarki) mai ohm 120, shi ya sa in ka auna tsakanin wayoyin biyu za ka samu ohm 60.

Ka kashe makulli, ka cire negatif na batir, ka jira minti biyu ko uku, sannan ka sa mita a ohm. In ba ka cire batir ba mita za ta yi maka ƙarya. A soket ɗin gwaji mai rami 9 na tsarin J1939, C shi ne H, D shi ne L, amma wasu kamfanonin suna da nasu jerin, don haka ka duba zanen wayoyin motar kafin ka tsikara.

In ka ga 60 ko kusa da haka, layin a haɗe yake a wannan lokacin. In ka ga 120, ko rezista ɗaya ta mutu, ko waya ta tsinke tsakaninka da ita. In ka ga 40, wani ya ƙara ta uku, galibi wajen ɗaura na'urar bin sawun mota. In kusa da sifili ne, H da L sun taɓa juna. Daga nan ka auna kowace waya da bodi: dubban ohm ya kamata ka gani. In ka ga 'yan ƙalilan, bawon waya ya goge ta kwanta a kan ƙarfe.

Malam_Mita:
Oga ya faɗi daidai, sai dai wannan matsalar mai zuwa ce ta tafi, don haka in ka auna da safe mota na sanyi 60 za ka gani ka ce lafiya lau. Ka auna da zarar ta yi abin, tana da zafi, bayan ka kashe ta ka cire batir. Ka maƙala mita da 'yan maƙalai, ka sa wani ya zuba mata ido, kai kuma ka bi damin wayoyin kana girgiza shi taƙi bayan taƙi: bayan kujerar direba, inda ya ratsa ƙasan ɗakin direba, da inda ya hau jikin inji. Inda awon mita ya yi tsalle, nan ciwon yake.

Sannan ka mayar da batir, ka buɗe makulli ba tare da ka tayar ba, ka auna wuta da bodi. H takan nuna 2.6V zuwa 3V, L kuma 2V zuwa 2.4V, in ka haɗa su su ba ka kusan 5V. In ɗaya ta nuna sifili ta taɓa bodi, in ta nuna 24V ta taɓa wayar wuta. In awon ya karkace kuma ba ka ga rauni a waya ba, ka riƙa zare kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, kana kashe makulli kafin kowace zarewa. Wadda ka zare wuta ta dawo daidai, ita ke danne layin. Ka lura, wasu motocin rezistarsu a cikin kwamfutar take, in ka zare ta awon ohm zai koma 120, wannan ba laifi ba ne.

Abin da ake yawan mantawa shi ne wutar da ke ciyar da birenbos ɗin kansa. In ta ɗauke na ƙiftawar ido, zai yi shiru, sauran su rubuta wannan lambar. Inji na aiki ka ga 27V zuwa 28V a batir. Tsakanin negatif na birenbos da negatif na batir kada ya wuce 0.2V. Ka juya mita zuwa AC a kan batir. In ta haura 0.5V, mai yiwuwa diyod ɗin altaneta (mai juya wutar AC ta dace da batir) ya lalace yana zuba hayaniyar lantarki a layin.

Yaron_Gareji:
Allah ya saka da alheri. Da sanyi 60 ne. Da zafi, in an taɓa wani ƙaramin soket mai rami uku kusa da inji, sai ya koma 120. Da aka zare shi akwai ruwa a ciki, ƙafafun sun yi kore.

Baba_Haidurolik:
To yaro, ka kama ɓarawon. Wannan soket mai kusurwa uku shi ne gidan rezista: A na H, B na L, C na rigar waya, wato rufin ƙarfen da ke kare H da L daga hayaniyar lantarki. Ka auna rezistar ita kaɗai tsakanin A da B, ta ba ka 120. Ko ta ba ka, ƙafar da ta yi kore ba ta wankuwa, zafi zai sake buɗe ta. Ka yanke wayar baya har sai ka ga jan ƙarfe mai sheƙi, domin ruwa yana bin cikin silin waya ya baƙanta ta. Ka sa sabbin ƙafafun soket samfurin Deutsch da abin matse su na ainihi, ba filaya ba, ka tabbatar robar da ke tare ruwa ta zauna, duk ramin da babu waya ka toshe shi da marfinsa.

In za ka ƙara waya, ta zama murɗaɗɗiya irin ta layin, kusan murɗa ɗaya a kowane inci, kuma kada ka warware fiye da abin da haɗin ke buƙata. Ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki. Salatif kaɗai ba ya kai ƙarshen damina. Rigar wayar a wuri ɗaya tak ake haɗa ta da bodi. Ka ɗaure soket ɗin bakin wayarsa na kallon ƙasa, nesa da salansa, kuma a gaya wa masu wanki su daina sa masa bakin famfo mai ƙarfi. In ka gama ka sake auna 60 da zafi, ka goge lambar, ka bar ta ta yi haƙa awa biyu kafin ka miƙa makulli.