"Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya": tsakanin mai jita da mai waƙa, wa ke bin wani?

Mai Jita: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da tambaya a kan karin maganar nan da ke cewa "idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya", domin na kafa hujja da ita a makon jiya, aka ce mini na ajiye ta a inda ba muhallinta ba. Ni ɗalibi ne a wata jami'a, kuma ni ke kaɗa jita a cikin makaɗa huɗu da aka haɗa domin wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe da 'yan ajin ƙarshe suka shirya. Akwai mai piyano, wanda shi ne jagoranmu, da mai ganguna, da mai kalangu, sai ni. Mun yi mako shida muna gwaji, kuma kowace waƙa a rubuce take a gabana, har da yawan zagayen da zan yi kafin a shiga baiti na gaba. A dare na biyu, ɗalibar da ta fito a matsayin uwar amarya ta kammala baitin farko na waƙarta, maimakon ta shiga na biyu sai ta tsallake ta faɗa amshin ƙarshe, wanda ake ɗaga murya a cikinsa. Mai piyano ya bi ta nan take, mai ganguna ya bi mai piyano, ni kuwa idona na kan takarda, na ci gaba da kaɗa baiti na biyu har sai da na ji sautina yana karo da muryarta, na ɗaga kai na tarar jagoranmu yana watsa mini harara. Bayan an tashi daraktan wasan ya ce laifina ne, ni kuma na ce masa ai Bahaushe ya riga ya raba gardama, rawa ce ke bin kiɗa. Ya yi dariya ya ce in je in tambayi masana Hausa, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Daraktanku ya fi ka gaskiya, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Wannan karin magana ba doka ce da aka kafa wa makaɗa da masu rawa ba. Ana yin ta ne idan al'amari ya juya, ana son mutum ya juya tare da shi, kamar a ce an kawo sabon shugaba a wurin aiki mai tsanani a kan zuwa da wuri, ko kuwa farashi ya tashi maigida ya rage cefane. Abin da ake kira kiɗa a cikinta shi ne halin da aka samu kai a ciki, rawa kuma ita ce matakin da mutum ya ɗauka. Idan muka auna darenku da wannan ma'auni, tsallaken baitin da yarinyar ta yi shi ne kiɗan da ya sauya, kai kuma da ke riƙe da jita kai ne mai rawar da ya ƙi sauya taku. Ke nan karin maganar da ka ɗauko domin ka kare kanka ita ce ta kama ka. Wasu kan ce "canza" a maimakon "sauya", kuma ma'anar ɗaya ce, sai dai "canza" aro ce daga Ingilishi.

Jikan Makaɗa: Allah ya gafarta Malam, na yarda da rabin bayaninka, amma ina neman afuwa in ja da sauran rabin. Karin magana ba daga sama take faɗowa ba, wani abu aka gani da ido kafin a faɗe ta, kuma wannan a dandali aka gan ta. A gidanmu kiɗan kalangu gado ne, kuma na tashi ina ganin yadda idan babban makaɗi ya matse tsirkiyoyin kalangu a hammatarsa ya juya salo, 'yan mata ke juya taku gaba ɗaya ba tare da an ce musu komai ba. Saboda haka yaron nan bai yi ƙarya ba da ya ce rawa na bin kiɗa. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ke sa makaɗi ya juya salon. Idon makaɗi ba ya barin ƙafar mai rawa. Idan ya ga gwana ta shigo fili, ita yake yi wa kiɗa, idan ta ƙara sauri ya ƙara, idan ta tsaya cak ya yanke tare da ita, mai kallo kuma ya ɗauka ita ce ta bi shi. Haka ma a fagen dambe, ɗan damben da ya fito shi ake kaɗa wa takensa, ba a kaɗa taken wanda ke zaune a gefe. Sannan akwai abin da ya fi wannan shafar mai tambaya: a cikin makaɗa akwai mai jan ragama, akwai mai kanzagi, kuma mai kanzagi bai taɓa cewa shi ga yadda aka koya masa ba. Ƙanena, tunda ka ce mai piyano ne jagoranku, kanzagi kake yi, ko da kuwa jitarka mai tsirkiya shida ce.

Tsohuwar 'Yar Wasa: Ni daga wancan ɓangaren zan yi magana, domin na taɓa tsayawa a inda yarinyar nan ta tsaya. Lokacin da muke ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a filin wasan nan na ginin ƙasa da ake kira Drama Village muke fitowa, wanda aka tsara shi kamar gidan Bahaushe, da ɗakuna a kewaye da tsakar gida a buɗe, 'yan kallo kuma suna kusa da mutum har yana jin tarinsu. Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan wuri ba, ba zai gane cewa mai waƙa ba ta da hanyar komawa baya ba. Idan ta tsallake baiti, ya tsallaku ke nan, domin ba za ta dubi jama'a ta ce a yi haƙuri a sake ba, ga shi tana tafiya, tana riƙe da kaya, tana tuna inda za ta tsaya saboda fitila. Shi kuwa makaɗi yana zaune a gefe, ba wanda ya san fuskarsa, kuma juya shafi kawai zai yi. Wannan ne ya sa a irin waɗannan wasanni ake rubuta wa makaɗa wani ɗan gajeren zagaye da za su yi ta maimaitawa a hankali yayin da 'yan wasa ke magana, ba a ƙayyade musu sau nawa ba, sai mai waƙa ta buɗe baki sannan su wuce. Ni da a ce ni ce daraktan, da karin maganar da zan mayar masa ita ce "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi".

Malamin Hausa: Malama, wannan ta ƙarshen ba ta zauna daidai ba. Ana cewa "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" ne idan ana son a ji labari daga wanda abin ya shafa kai tsaye, a daina jin sa daga bakin 'yan rahoto. Yarinyar nan ba ita ta tsara waƙar ba, haddacewa ta yi kamar yadda shi ma ya haddace kiɗansa.

Tsohuwar 'Yar Wasa: Na karɓi gyara ta fuskar asali, Malam, amma a cikin mintuna ukun da take rerawa, 'yan kallo ba su san wani mai waƙar ba sai uwar amarya, kuma aikin kowa a wurin, har da mai jita, shi ne kada su tuna cewa akwai wani.

Na Damagaram: Ina ganin ku yi wa yaron uzuri. Mu nan Nijar, duk wanda ya halarci biki a Agadas ya san cewa mai jita ne sarkin fili, shi ke gaba da lasifikarsa, masu tafi da masu rawa suna biye. Wanda ya koyi jita da irin wannan kallo, wuya ne ya yarda cewa akwai wurin da zai zama ɗan rakiya.

Mai Kishin Gwaji: Ni dai har yanzu ban gamsu a ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Mako shida aka yi ana gwaji domin kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita, kuma Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka ce duk abin da mai waƙa ta yi daidai ne, sai makaɗa su bi, to an buɗe wa 'yan wasa ƙofar sakaci, kuma an mayar da wannan karin magana mafakar wanda bai yi shiri ba. Ita ce ta fara kuskure, shi nasa na biyu ne, ya kamata daraktan ya faɗi haka a gaban kowa.

Jikan Makaɗa: Ba wanda ya ce ba ta yi kuskure ba, ɗan'uwa. Nata kuskuren mutum biyar ne suka san da shi, su makaɗan da darakta, kuma da ya bi ta da a nan zai tsaya. Nasa ne ya sanar da duk wanda ke zaune a wurin.

Mai Jita: Na gode, malamai da iyayena, kuma maganar kanzagi ta shige ni, ko da yake ba ta yi mini daɗi ba. Ya kamata in faɗi abin da ya faru a dare na uku, wanda shi ne na ƙarshe. Kafin a fara na ɗauki fensir na rubuta kalmomin ƙarshe na kowane baiti a saman alamomin kiɗana, na kuma ja kujerata gefe yadda zan riƙa ganin bakinta da hannun mai piyano a lokaci ɗaya. Ashe sanyin hunturu ya kama mata maƙogwaro, muryarta ta dushe, sai jagoranmu ya ce a sauke waƙar ƙasa kaɗan. Da ma da kafo nake kaɗa ta, wato ɗan maƙalin nan da ake matse wuyan jita da shi, yana kan gaɓa ta biyu, saboda haka cire shi kawai na yi, sautin ya sauka daidai yadda ake so ba tare da na sauya yadda nake ɗora yatsuna ba. Mai piyano ne ya sha wuya, domin shi sai da ya sauya komai a ƙwaƙwalwarsa. Ba ta tsallake ko layi ɗaya ba a daren, amma ta ja wata kalma fiye da yadda ta saba, na jira ta. Abin da ya rage mini in sani, Malam, shi ne ko a nan zan iya cewa kiɗa ya sauya rawa ta sauya, tunda dai kiɗan ne aka sauke da gaske.

Malamin Hausa: Za ka iya, ɗalibi, amma ka lura cewa a wannan karon ma ba jitarka ce kiɗan ba, murar yarinyar ce. Kuma "hunturu" da ka ambata ya tuna mini in tambaye ka, wa ya ce ku shirya wasan dare a fili a irin wannan lokaci ba tare da kun tanadar wa masu waƙa ruwan ɗumi da citta ba?