Huɗu Suka Taso, Uku Suka Yi Sallama

Mai Keken Ɗinki, Aboabo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ina kwashe tarkace a shago na ci karo da tsohon kaset ɗin Destiny's Child, ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta Amurka, wanda na saya a kasuwar Kejetia ta Kumasi tun ina 'yar koyo. 'Yan mata huɗu ne a hoton. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na tsara wannan. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya bi shi.

'Yan mata huɗu sun taso tare,
A birnin Houston, kitso a tsare,
Shagon uwar ɗayarsu nan suka tare,
Masu jiran gyaran gashi na kallon rawa.

Beyoncé da Kelly, LeToya, LaTavia,
Murya huɗu ɗaure kamar tsintsiya,
Wani kamfani ya sallame su, babu karaya,
Har Columbia ta gane akwai baiwa.

A 1999 suna ya kai ko'ina,
Daga Amurka har Zangon Gana,
Ni ga almakashi riƙe a hannuna,
Ba na jin Turancin, ina dai amsawa.

Sai biyu suka ce a zo a duba,
Yadda manaja yake kasa riba,
Shi kuwa Beyoncé ke ce wa Baba,
Tambayar nan ita ta jawo rabuwa.

A talbijin suka ga waƙarsu,
Baƙin fuska biyu tsaye a gurbinsu,
Leɓen na wasu, muryar tasu,
Da haka aka yi musu sanarwa.

Bidiyon Say My Name nake nufi, farkon shekarar 2000. LeToya da LaTavia ne aka cire, aka sa Michelle da Farrah. Wannan wurin ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Ɗan Kaset, Alabar

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin taɓo sana'ata ta dā, dole in tanka.

Hajiya sannu, na ji kokenki,
Kaset ɗin ma ƙila ni na sayar miki,
Amma ki auna da mudun kirki,
Kada tausayi ya hana ki dubawa.

Manajan, Mathew Knowles, aikinsa ya ajiye,
Don yaran nan su miƙe tsaye,
Kelly gidansa ta zauna, ya kiyaye,
Wanda ya sha rana shi ke neman inuwa.

Su suka fara cewa ba sa son riƙonsa,
Kakanninmu fatake kowa ya san matsayinsa,
In ka ƙi madugu ka ƙi umarninsa,
Ayarin goro ba ya jiran kowa.

Farrah wata biyar ta yi ta sauka,
Michelle ta zauna ta riƙe waƙa,
Su ukun nan suka girgiza Amurka,
Kaset ɗinsu ba ya kwana a kasuwa.

'Yar Asawase

Baba Ɗan Kaset, Anti Mai Keke, ku matsa wa ƙaramarku ta sa baki.

Baba, Anti, ku ba ni dama,
Ni ukun na taso na tarar a sama,
A 2005 suka yi sallama,
A Barcelona, kan dandali, gaban kowa.

Wannan karon ba kotu, ba zagi,
Kowacce ta kama nata jirgi,
Suka ci gaba da zama irin na dangi,
A 2013 da 2018 sun sake haɗuwa.

Amma Baba, ga tambaya gare ka,
In madugun ba shi da laifi a ganinka,
Me ya sa a 2011, Allah ya ja kwananka,
'Yar cikinsa ta raba harka da shi tana godewa?

Ɗan Kaset, Alabar

'Yata, kin iya jifa.

Ɗiya in ta girma takan bar ɗakin uba,
Wannan girma ne, ba faɗa ba ne, ba gaba,
Sai dai zancen bidiyon da Hajiya ta taɓa,
Na juya shi, babu ta inda zan iya karewa.

Mai Keken Ɗinki, Aboabo

Malam, na gode da ka faɗi gaskiya. Tunda ka sauko, ni ma bari in faɗi abin da ya hana ni barci, don ba Amurka kaɗai nake wa kuka ba. Mu ma huɗu ne a shagon da na koyi ɗinki, kuma ɗayarmu 'yar uwar ɗakinmu ce ta cikinta.

Mu huɗu ne, kwano ɗaya muke ci,
Koko da ƙosai, waken rana, ba ƙunci,
Daren jajibirin Sallah babu barci,
Kaset ɗin nan shi ke hana mu gajiyawa.

Ƙawata ta ce, Inna, a gafarce ni,
Ɗinkin Sallar bana ya kai talatin a hannuni,
Ko kuɗin sabulu a ɗan duba ni,
Da ladabi ta faɗa, har da durƙusawa.

Washegari ta zo da sassafe,
Ta tarar da wata a kekenta, ƙafa kan ƙarfe,
Almakashinta da awonta a leda a ƙunshe, a gefe,
Babu wanda ya ce mata ga dalilin sauyawa.

Ta dube ni. Na sunkuyar da kaina,
Wata shida ya rage a yaye ni, shi ne a raina,
Na ci gaba da taka keke da ƙafafuna,
Ƙarar keken ta rufe sautin fitarta, 'yan'uwa.

Malam, ba madugu nake tuhuma ba,
Ba kuma wadda aka kawo ta zauna ba,
Ni ce wadda ta gani ba ta ce uffan ba,
Shekara ashirin da ɗoriya ina haɗiyewa.

'Yar Asawase

Wayyo Anti. Allah ya sanyaya miki. Ban san nan zancen zai biyo ba.

Anti share hawaye, ki ji ƙarashe,
LeToya ba ta zauna ta lalace a ƙarshe,
Faifanta na 2006 shi ya hau kan na kowa a tashe,
Lamba ɗaya a Amurka, babu musantawa.

A 2023 Beyoncé ta kai wasa garinsu,
LeToya da LaTavia suka zo da kansu,
Da Kelly da Michelle, biyar ke nan a ɗakinsu,
Aka rungumi juna bayan doguwar rabuwa.

Anti, ƙawar taki tana raye? Kin san inda take?

Mai Keken Ɗinki, Aboabo

Tana raye, ƙanwata. A Accra ta yi aure, tana Nima, an ce da kekuna uku a shagonta da 'yan koyo nata na kanta. Yayarta na nan unguwarmu, kullum muna gaisawa a hanyar masallaci, ban taɓa iya tambayarta lambar waya ba. Yau bayan la'asar na je na karɓo. Ban kira ba, wannan maganar ba ta waya ba ce.

Asabar da asuba zan kama mota,
Da turmin atamfa da goro a jakata,
Kaset ɗin ma zan sa shi in kai mata,
Ita ta cika mini kuɗinsa ran da muka je sayowa.