Tsarin gashin cutar kansa: yawan sarƙaƙiya shi ne inganci?

Mai buɗe zance, daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Yau kwana 9 ke nan da aka ɗauki hoton kan mahaifiyarmu, aka jiƙa wata roba a ruwan ɗumi aka manna mata a fuska har ta ɗauki siffarta, amma ba a fara yi mata gashi ba, wato maganin cutar kansa da hasken na'ura. Kansar tana bayan hanci, kusa da laka. An ce tsarin gashin da kwamfuta ta fitar ya cika sarƙaƙiya, da aka gwada shi a na'ura abin da ya fito bai yi daidai da lissafi ba, don haka aka koma sake shi. Ni dai a ganina tsari mai sauƙi da zai isa jiki daidai ya fi wanda kyansa a allo kawai yake. Tana ramewa muna kallo.

Malamin fiziks, daga Samaru: Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanena, akwai gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. A irin wannan ciwo akan ba da gire 70 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken da jiki ya karɓa) cikin zama 35, wato gire 2 kowace rana, kuma ana so matsakaicin abin da zai taɓa ƙulluwan yawu na gefen kunne kada ya wuce gire 26, in ba haka ba baki ya bushe har ta kasa haɗiyar tuwo. Ba a samun wannan sai ƙananan ganyayyakin ƙarfe da ke bakin na'urar sun riƙa motsi suna sassaƙa hasken. To, duk lokacin da kafofin da ke tsakanin ganyayyakin suka ƙanƙance kuma suka yi yawa, lissafin kwamfuta da abin da na'ura ke fitarwa sukan fara rabuwa, shi ya sa ake fara gwadawa a kan ma'auni kafin a kwantar da mutum. Sake tsarin da aka yi kariya ce gare ta.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ka bar babban kuskuren ya wuce. Don Allah a daina cewa gashi. Hasken yana lalata ƙwayar halittar cutar kansa ne don ta kasa hayayyafa, mara lafiya ba ya jin zafi lokacin da na'ura ke aiki. Na ga matan da suka gudu gida saboda wannan kalma, suka dawo ciwo ya ci ƙarfinsu.

Wani dattijo, daga cikin birni: 'Yata, gashi muka sani tun da aka fara wannan magani. Na ga wuyan ƙanena bayan mako biyar, fata ta yi baƙi tana saɓulewa. Me za a kira wannan?

Ma'aikaciyar jinya: Baba, illar magani ce da ke warkewa, ba ƙuna ta wuta ba. A ce maganin haske.

Wani ɗalibi: Anti, in kika ce wa mutumin ƙauye maganin haske, zai ɗauka hoton ƙirji za a yi masa. Ku ma'aikatan asibiti kun fi damuwa da suna fiye da a fahimce ku.

Dattijon: Kuma tsohuwar na'urar kobal da aka yi wa ƙanena da ita ba ta da wannan jinkiri.

Malamin fiziks: Baba, kobal, wato sinadarin da ke fitar da hasken a wannan na'urar, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, kuma gefen haskensa ba shi da kaifi, don haka kare ƙulluwan yawu da shi yana da wuya.

Mai buɗe zance: Ni fa tambayata ita ce ko in roƙi likita ya sauƙaƙa tsarin a fara.

Mai kula da zaure: Na karanta duka. Abin da ya fito fili shi ne Malam ya tabbatar da cewa sabuwar na'ura ta fi kobal, kuma Anti ta yi gaskiya, ni ma a gidanmu wannan kalma ce ta sa gwaggona ta ƙi zuwa asibiti. Daga yau a wannan zaure maganin haske za mu riƙa rubutawa. Ɗan'uwa, ka samu likitan Hajiya gobe da safe ka tambaye shi ranar da za a sake gwajin.