Gwajin kanel daga nesa da ktest: me zan sa a CONSOLE da POWER_CYCLE?

Abba_TudunWada

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa gwajin kanel na Linux (wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) a kan injin da ba ya kusa da su. Ina ɗan gyara wani direban katin netwok ne, wato manhajar da ke sarrafa katin, kuma tsohuwar destof ɗin da ke da katin na ajiye ta a shagon yayana a Samaru saboda can akwai sola da inbata, ni kuma ina Tudun Wada da laftof. Yanzu dai da hannu nake yi, in haɗa kanel a nan, in tura da scp, in ce wa injin ya sake tashi, in ya tashi lafiya to alhamdulillahi, amma ranar da ya maƙale shikenan SSH, hanyar da nake shiga injin daga nesa, ya mutu ba na ganin komai, sai dai in jira yaya ya buɗe shago ya danna min maɓalli ya karanto min abin da ke kan allo ta waya.

Na ga ktest.pl, manhajar da ke haɗa kanel ta kuma gwada shi da kanta, a cikin tools/testing/ktest, na cike MACHINE da SSH_USER da BUILD_DIR da sauransu, amma CONSOLE da POWER_CYCLE sun tsaya min a wuya. Dole ne sai da su? Ba yadda za a yi SSH kaɗai ya wadatar?

Injiniya_Lawal

Wa alaikumus salam ƙanena. A'a, SSH ba zai wadatar ba, kuma dalilin a fili yake: SSH ɗin yana zaune ne a kan kanel ɗin da kake gwadawa, in kanel ya faɗi tare za su faɗi. Kana buƙatar ido da hannu waɗanda ba su dogara da injin gwajin ba. CONSOLE shi ne idon, POWER_CYCLE shi ne hannun, kuma Steven Rostedt da ya rubuta ktest a kan waɗannan biyun ya gina shi.

Ka samo ƙaramin inji na biyu ka ajiye gefen destof ɗin. Raspberry Pi zai yi, amma ni na fi son tsohuwar laftof don tana da batirinta. Ka haɗa su da kebul ɗin siriyal, a layin umarnin kanel ka ƙara console=tty0 console=ttyS0,115200, sai duk abin da kanel ke faɗa tun daga farkon tashi har saƙon mutuwarsa ya riƙa zubowa a ƙaramin injin. CONSOLE ɗinka kawai umarni ne da ke karanto /dev/ttyUSB0 na ƙaramin injin bayan ka saita gudunsa a 115200 da stty. Ktest na zaune yana karanta wannan rubutun yana jiran ya ga "login:", in ya gani ya san an tashi, in layin ya yi tsit har daƙiƙa 120 sai ya yanke cewa an maƙale. Tsohon inji mai nauyin jiki ka ƙara masa TIMEOUT.

Batun hannu kuma, saba ta gaske tana da IPMI, wato hanyar sarrafa wutarta daga nesa, umarni ɗaya na ipmitool ya kashe ya kunna. Destof ba ta da shi, don haka rile za ka sa, wato makunnin da kwamfuta ke dannawa da kanta. Ni ba na son yara suna yanka wayar wuta mai volt 230 a shagon mutane, ka ɗora rile ɗin a kan fil biyu na maɓallin riset da ke jikin madabod, ƙaramin injin ya haɗe su na rabin daƙiƙa, daidai yake da yayanka ya danna da yatsa.

Sai abu na uku da mutane ke mantawa, wanda in babu shi na biyun ma aikin banza ne. Kanel mai lafiya shi ne zai zama na dindindin a GRUB, manhajar da ke zaɓar kanel ɗin da inji zai tashi da shi, na gwaji kuma tashi ɗaya tak za a ba shi. Ka sa GRUB_DEFAULT=saved, ka rubuta wa kanel ɗin gwaji layinsa daban a 40_custom, REBOOT_TYPE ya zama grub2, GRUB_MENU ya yi daidai da sunan layin harafi da harafi. In Debian ko Ubuntu ce ka sa GRUB_REBOOT = grub-reboot, don ktest grub2-reboot yake nema. Kuma ka bar /boot a kan ext4 zalla, in yana kan LVM ko RAID GRUB ba ya iya goge alamar tashi ɗayan, sai ka ga ana ta komawa cikin mataccen kanel ana riset ana komawa. Ka ƙara panic=10 ma, yawancin faɗuwa injin da kansa zai sake tashi bayan daƙiƙa 10.

Rabi_Kongo

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Ni ta ɓangaren data zan yi magana Malam Abba, don ktest duk zagaye sai ya tura bzImage da dukkan modul, in kana haɗawa a Tudun Wada kana turawa Samaru ta layin waya za ka sha mamakin yadda data za ta ƙare, balle in netwok ya yanke ana tsakiyar turawa. Gara injin da ke haɗa kanel ɗin ma ya koma shagon, ktest ya riƙa gudu a can cikin tmux don kar ya tsaya in netwok ya yanke, kai faci (gyaran da ka yi) kawai kake turawa ta git ka leƙa sakamako. Sannan ka yi make localmodconfig a kan destof ɗin ka ba MIN_CONFIG, zai zubar da dubban modul da injin bai san da su ba, haɗawa ta yi sauri sosai.

Shiga daga waje kuma, layukan wayarmu galibi ba sa ba mutum adireshin IP nasa na kansa, to sai ka sa VPN irin WireGuard ko Tailscale a kan ƙaramin injin, ba a kan na gwajin ba.

Kuma kafin ka sayi ko waya ɗaya ka fara gwada fayil ɗin saitin ktest ɗinka da KVM, wato injin kwaikwayo a cikin laftof ɗinka, akwai examples/kvm.conf a nan cikin ktest ɗin, CONSOLE ya zama virsh console, POWER_CYCLE ya zama virsh destroy sannan virsh start. Ba zai gwada maka katin ba amma za ka gane yadda ktest ke tunani.

Sadiq_Kwangila

Yallabai duk wannan wahalar kebul fa? Ba netconsole zai sa kawai ba ya riƙa turo saƙon kanel ta netwok da UDP? Ko ma ya kafa LAVA, manhajar gwajin injuna ta atomatik, irin wadda ake amfani da ita a ɗakunan gwajin KernelCI.

Injiniya_Lawal

Sadiq ka sake karanta tambayar, direban katin netwok yake gyarawa. Netconsole ba ya magana sai katin ya tashi, to abin da ake zargi shi za ka sa ya ba da shaida? Ko SSH ɗin ma ina ba shi shawara ya bi ta wani kati daban, ko da ɗan na USB ne, ya bar wancan don gwaji kawai. LAVA kuwa ta Linaro aiki ce mai kyau amma don masu injunan gwaji da yawa da ma'aikata aka yi ta, mai destof ɗaya zai ƙare yana yi wa LAVA hidima ne ya bar direbansa.

Abba ga wani abu da ya shafe mu mu na nan musamman. Ranar da za ka yi TEST_TYPE = bisect, wato neman komit (canjin) da ya kawo matsala ta hanyar raba jerin gida biyu kowane zagaye, tsakanin fitowar kanel da ta gaba akwai komit sama da dubu 10, wato zagaye kusan 14, kowanne haɗawa da tashi da gwaji, abu ne na kwana guda cur. In batirin inbata ya ƙare da tsakar dare, ktest bai san wuta aka ɗauke ba, shiru kawai ya ji, zai iya rubuta wa komit mai lafiya cewa ya lalace, daga nan duk sauran binciken ya bi hanyar ɓata ya kawo maka sunan wanda bai ji ba bai gani ba. Don haka ka sa LOG_FILE, da safe ka duba duk wanda aka ce ya lalace ka tabbata akwai saƙon faɗuwa a ƙarƙashinsa. Wanda rubutunsa ya yanke haka kawai a tsakiyar layi, ka ɗauko git bisect log ka goge daga wurin zuwa ƙasa ka ci gaba da BISECT_REPLAY. A BIOS kuma ka kunna zaɓin nan na injin ya tashi da kansa in wuta ta dawo, don riset ba ya tayar da injin da ke kashe.

Abba_TudunWada

Allah ya saka da alheri Injiniya, Anti Rabi na gode ƙwarai. Yaya ya buɗe murfin ya turo min hoto, babu ramin siriyal a baya amma akwai fil tara a jikin madabod an rubuta COM1. Zan iya jona su kai tsaye da fil ɗin Raspberry Pi?

Injiniya_Lawal

Kul, kar ka soma. Pi da volt 3.3 yake aiki, COM1 kuwa RS-232 ne, wutarsa na iya kai volt 12 sama da ƙasa, nan take zai ƙona maka Pi ɗin. In ka shiga Sabon Gari ka nemi abu uku: ƙaramin kebul da ke fito da COM1 zuwa kai mai fil tara, kebul ɗin null modem, da adaftar USB zuwa RS-232, mai FTDI in ka samu. Shi na farkon jerin wayoyinsa iri biyu ne a kasuwa, ka duba littafin madabod ɗinka kafin ka biya, in kuma ka jona ka ji shiru to shi za ka fara zargi kafin ka taɓa saitin GRUB.